Kisan Stephen Lawrence: Yadda iyali ɗaya suka tilasta wa gwamnatin Birtaniya bincikar 'yan sandanta

Iyalin da aka kashe wa ɗa sukan fara da tambaya guda: wa ya kashe shi? Wannan tambaya tana da wurin zuwa, akwai 'yan sanda, akwai mai gabatar da ƙara, akwai kotu. Amma idan shekara ta zagayo, wata ta sake zagayowa, kowa a unguwa ya san sunayen waɗanda ake zargi kuma suna yawonsu a gari, sai tambayar ta sauya: me ya hana hukuma yin aikinta? Ita wannan ta biyun babu kotun da aka gina dominta, saboda wanda ake tuhuma a cikinta shi ne mai kai mutane kotu. A Birtaniya ƙofa ɗaya ce takan rage wa irin wannan iyali, wato su matsa wa gwamnati har ta kafa kwamitin bincike na bainar jama'a. Labarin Neville da Doreen Lawrence ya nuna yadda ake buɗe wannan ƙofa, da abin da ake tararwa a bayanta.

Da daren 22 ga Afrilu, 1993, ɗansu Stephen, mai shekara 18, ɗalibin da ke burin zama mai zanen gine-gine, yana jiran bas a unguwar Eltham da ke kudu maso gabashin Landan tare da abokinsa Duwayne Brooks. Wasu samari farar fata su biyar ko shida suka tsallako titi, ɗayansu ya jefe su da zagin da ake yi wa baƙar fata, suka rufar wa Stephen, suka daɓa masa wuƙa sau biyu. Ya tashi ya yi gudun sama da mita 100 kafin ya faɗi a kan titin Well Hall. Iyayensa 'yan asalin Jamaika ne, mahaifin magini ne mai aikin filasta. Yankin kuwa ba baƙon irin wannan ba ne: an kashe Rolan Adams a Thamesmead a 1991, an kashe Rohit Duggal a Eltham ɗin a 1992, kuma jam'iyyar BNP ta masu ƙyamar baƙi tana da ofishi a Welling, nan kusa.

Abin da ya faru a makonni biyun farko shi ne tushen duk rigimar da ta biyo baya. 'Yan sandan da suka fara isa ba su yi wa yaron taimakon gaggawa na a zo a gani ba. Duwayne, wanda aka kashe abokinsa a gaban idonsa, sun ɗauke shi kamar abin zargi maimakon wanda aka kai wa hari. Cikin 'yan kwanaki mutane suka yi ta kai sunaye, wasu ta waya, wasu a takarda da ba sa hannu, har da wadda aka bari a rumfar tarho. Sunayen kuwa su ne dai: Neil Acourt da ɗan'uwansa Jamie, da Gary Dobson, da David Norris, daga baya Luke Knight. Masu sa ido na 'yan sanda sun ga ana fita da baƙar leda daga gidan su Acourt, babu wanda ya bi ta. Ita kanta Doreen ta rubuta sunayen da mutane ke kawo mata ta miƙa wa wani babban jami'i, ta ce tana kallonsa ya yi ta naɗe takardar har ta koma 'yar mitsitsiya a hannunsa. Daga nan ta san inda aka dosa.

Ba a kama kowa ba sai 7 ga Mayu, kwana ɗaya bayan Nelson Mandela, wanda ya zo ziyara Landan, ya gana da iyalin kuma ya yi magana a gaban 'yan jarida. 'Yan sanda sun ce ba ziyarar ce ta motsa su ba. Ko ma mene ne, mako biyu ya isa a wanke tufafi, a jefar da wuƙa, a daidaita baki. A watan Yulin shekarar hukumar gabatar da ƙara ta gwamnati ta janye tuhumar da aka yi wa biyu daga cikinsu, ta ce hujja ba ta isa ba. Rundunar 'yan sandan Landan ta sa wani babban jami'inta, Roderick Barker, ya duba yadda aka yi binciken, ya dawo da rahoton cewa babu wata babbar matsala.

Matakala uku kafin a kai ga kwamiti

Mai karatu zai iya zaton daga nan sai gwamnati ta kafa kwamiti. Ina! Sai da iyalin suka bi ta hanyoyi uku, kowace ta ci musu lokaci da lafiya.

Ta farko ita ce shigar da ƙarar kisan kai da kansu. Dokar Ingila ta yarda mutum ya gurfanar da wani kan babban laifi idan hukuma ta ƙi, amma a shari'ar kisan kai da wuya ake ganin haka. Lauyoyinsu, Imran Khan da Michael Mansfield, suka ɗauki nauyi, jama'a suka yi karo-karo. A watan Afrilun 1996 aka gurfanar da Neil Acourt da Luke Knight da Gary Dobson a kotun Old Bailey. Alƙali ya ce ba za a karɓi shaidar Duwayne ta gane fuskokin maharan ba, shari'a ta rushe, aka sallami ukun. Nan gizo ke saƙar: a lokacin akwai ƙa'ida mai shekaru kusan 800 a dokar Ingila da ta ce wanda kotu ta wanke, ba a sake yi masa shari'a kan laifin nan har abada, ko da daga baya ya fito ya amsa da bakinsa. Ke nan yunƙurin iyalin na neman haƙƙi ya ƙare da bai wa mutum uku kariyar da ba su da ita a da. An yi ta sukar lauyoyin kan gaggawa, kuma sukar tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai mai sukar ya tuna cewa shekara uku ke nan hukumar da aikin ya rataya a wuyanta ta naɗe hannu.

Ta biyu ita ce zaman kotun binciken musabbabin mutuwa, wadda aikinta bai wuce tantance wane ne ya mutu da yadda ya mutu ba, ba ta ɗaure kowa. A Fabrairun 1997 aka kira samarin biyar, suka ƙi amsa tambayoyi, suka fake da 'yancin da doka ta bai wa mutum na kada ya faɗi abin da zai jefa shi cikin laifi. Masu taya alƙali yanke hukunci suka ce kisan gilla ne na wariyar launin fata da samari biyar farar fata suka yi ba tare da an tsokane su ba. Washegari, 14 ga Fabrairu, jaridar Daily Mail ta buga hotunan biyar ɗin a shafin farko, ta kira su makasa, ta ce idan ƙarya take yi su kai ta kotu. Babu wanda ya kai ta. Abin lura, wannan jarida ta masu ra'ayin riƙau ce, ba a san ta da tsaya wa baƙar fata ba, kuma Neville ya taɓa yin aikin filasta a gidan editanta, Paul Dacre. Duk iyalin da ba su da irin wannan dace, sai Allah.

Ta uku ita ce ƙorafi ga hukumar da ke karɓar koke kan 'yan sanda a lokacin. Ita kuma ta ba 'yan sandan Kent aikin bincikar takwarorinsu na Landan. Rahoton ya fito a ƙarshen 1997, bayan an riga an sanar da kafa kwamitin bincike, ya lissafa kurakurai masu yawa, amma ya ce bai ga alamar wariya ba.

Abin da ya buɗe ƙofar a ƙarshe siyasa ce. Gwamnatin Conservative ba ta amsa kiran iyalin ba. A Mayun 1997 jam'iyyar Labour ta ci zaɓe, Jack Straw ya zama ministan cikin gida, ya gana da iyalin, a ƙarshen Yuli ya sanar da kafa kwamiti a ƙarƙashin tsohon alƙalin babbar kotu, Sir William Macpherson. Wannan shi ne abu na farko da ya kamata a fahimta game da irin wannan bincike: ba haƙƙi ba ne da iyali za su je kotu su karɓa. Minista ne ke da ikon ya kafa ko ya ƙi, shi ke zaɓar shugaba, shi ke shata iyakar abin da za a tono. Ko dokar 2005 da ke tafiyar da irin waɗannan kwamitoci a yau haka ta bar lamarin. Shi ya sa iyalan da ke makoki sukan wayi gari sun zama masu fafutuka, suna bin 'yan majalisa da 'yan jarida, aikin da ba su nema ba kuma ba su koya ba.

Me kwamitin ke iya yi, me ba ya iyawa

A wajenmu idan aka ce an kafa kwamiti, da yawa sukan ce an binne maganar ke nan, kuma ba su faɗi haka a banza ba. Abin da ya bambanta na Macpherson shi ne zama a fili, da ikon tilasta wa shaida ya zo ya yi rantsuwa, da damar da lauyoyin iyali suka samu na yi wa jami'ai tambayoyin ƙwaƙwaf da kansu. An fara zama a Maris 1998 a wani bene da ke Elephant and Castle, aka saurari shaidu 88. Iyalin da farko ba su yarda da Macpherson ba saboda irin hukunce-hukuncen da ya yanke a shari'o'in baƙin haure. An haɗa shi da mashawarta uku: Tom Cook, tsohon babban ɗan sanda, da Dakta Richard Stone, da Bishop John Sentamu, haifaffen Uganda.

A wannan zaure ne abubuwan da aka shekara biyar ana musantawa suka fito daga bakin masu musun. Babban jami'in da ya jagoranci binciken tsawon watanni, Brian Weeden, ya amsa cewa bai fahimci cewa doka ta ba shi ikon kama mutum bisa zargi mai ma'ana ba, abin da ɗan sanda ke koya tun a makarantar horo. Rahoton Barker da rundunar ta yi ta dogara da shi ya wargaje a gaban jama'a, har kwamitin ya ce ba shi da abin karewa. An kuma kalli bidiyon da 'yan sanda suka ɗauka a ɓoye a ɗakin Dobson a ƙarshen 1994, inda wasu daga cikin samarin ke wasa da wuƙaƙe suna faɗin abin da za su yi wa baƙar fata. A watan Yuni wani mataimakin shugaban rundunar, Ian Johnston, ya tashi ya nemi afuwar Neville a bainar jama'a.

Amma ga iyakar. Da aka kira samarin biyar, babbar kotu ta yanke cewa ba za a tambaye su ko su ne suka kashe Stephen ba, domin kwamitin 'yan sanda yake bincika, ba shari'ar kisa yake yi ba. Ka duba wannan hali: uwa tana zaune, waɗanda take da yaƙinin su suka kashe mata ɗa suna gabanta da rantsuwa a bakinsu, kuma tambaya ɗaya tilo da ta dame ta ita ce doka ta hana. Suka yi ta cewa ba su tuna ba, suka fita ana jifansu suna mayar da martani. Kwamitin bincike ba ya ɗaure kowa, ba ya cin tara, ba ya korar ma'aikaci. Shawara yake bayarwa, gwamnati ta ɗauki wadda ta ga dama.

Rahoton ya fito ranar 24 ga Fabrairu, 1999, da shawarwari 70. Ya ce abubuwa uku suka lalata binciken kisan: rashin iya aiki, da gazawar shugabanni, da wariyar launin fata da ta zama ɗabi'ar hukumar kanta. Wannan na ukun shi ya tayar da ƙura. Shugaban rundunar, Sir Paul Condon, ya yarda akwai ɓata-gari a cikin jami'ansa amma ya yi ta turjiya kan a ce hukumar ce gaba ɗaya. Abin da Macpherson ke nufi kuwa ya fi wannan zurfi. Ba sai ɗan sanda ya tsani baƙar fata a zuciyarsa ba. Ya isa a ce tsarin aikin da al'adar ofis sun sa idan an ga baƙin yaro kwance cikin jini, abin da ke fara zuwa rai shi ne faɗan 'yan daba ne, idan iyayensa suka yi tambaya a ɗauke su masu neman fitina, idan sun zo da lauya a ce me suke ɓoyewa. Kowa ya yi aikinsa yadda ya saba, sakamakon ya fito a karkace, kuma babu mutum ɗaya da za a nuna.

A ganina nan ƙarfin rahoton yake, nan kuma rauninsa. Ya ba ƙasa hanyar magana kan zaluncin da ba shi da fuska. Amma laifin da aka raba wa kowa, ƙarshenta ba ya kan kowa. Manyan jami'an da suka riƙe binciken tun farko sun riga sun yi ritaya, ladabtarwar aiki ba ta kai gare su ba. Condon bai sauka ba. Ko kwamitin bai tsira daga kuskure ba, domin a cikin rataye na rahoton an buga sunayen mutanen da suka tsegunta wa 'yan sanda a asirce, sai da aka janye shi cikin gaggawa. A daidai wannan lokaci aka watsa farin fenti a kan allon tunawa da Stephen da ke wurin da ya faɗi, da aka je duba kyamarar da 'yan sanda suka kafa don gadinsa, sai aka tarar ta bogi ce.

Abin da ya biyo baya

Ta fuskar doka, an samu sauyi na gaske. A shekarar 2000 aka gyara dokar hana wariya ta yadda ta hau kan 'yan sanda da sauran hukumomin gwamnati, waɗanda a da ba ta kama su sosai ba. Aka sauya yadda ake rubuta laifin wariya: idan wanda abin ya shafa ko wani ya ce na wariya ne, dole a rubuta shi a haka a bincika, ba sai ɗan sandan da ke kan tebur ya gamsu ba. Aka kafa sabuwar hukumar karɓar koke kan 'yan sanda a 2004. Mafi girma, rahoton ya ce a sake duba tsohuwar ƙa'idar nan ta hana shari'a sau biyu. Dokar 2003, wadda ta fara aiki a 2005, ta ba kotun ɗaukaka ƙara ikon soke wankewa a manyan laifuka idan sabuwar hujja mai ƙarfi ta bayyana. Wanda aka fara kamawa da ita ma ba shi da alaƙa da Eltham: Billy Dunlop ne, a 2006, kan kisan Julie Hogg, bayan mahaifiyarta Ann Ming ta shekara da shekaru tana nata yaƙin.

Su kuwa iyalin Lawrence sai da suka ƙara jira. Wani sabon jami'i, Clive Driscoll, ya karɓi fayil ɗin, aka mayar da tsofaffin tufafin da aka ƙwace tun 1993 ɗakin gwaji. Da na'urorin da babu su a da, aka gano ɗigon jinin Stephen a kan kwalar jaket ɗin Dobson, ɗigon da tsawonsa bai wuce rabin milimita ba, da zaren tufafinsa, da gashi a kayan Norris. A 2011 kotun ɗaukaka ƙara ta soke wankewar Dobson. Ranar 3 ga Janairu, 2012, aka sami shi da Norris da laifin kisan kai. Dobson ya sami ɗaurin aƙalla shekara 15 da wata 2, Norris shekara 14 da wata 3, an yi musu sassaucin da doka ta tanadar wa yara saboda shekarunsu 17 da 16 a lokacin kisan. Shekara 18 da wani abu bayan daren, mutum biyu cikin biyar ko shida. Doreen ta ce ba ta ga abin murna ba, da 'yan sanda sun yi aikinsu tun farko da ta yi waɗannan shekaru tana makokin ɗanta maimakon faɗa. Aurenta da Neville ma ya mutu tun 1999. Stephen kuwa a Jamaika suka binne shi.

Da a nan labarin ya tsaya, da sai a ce tsarin ya gyara kansa a hankali. Amma a 2013 wani tsohon ɗan sandan ciki, Peter Francis, ya fito ya ce an taɓa umartarsa ya nemo abin da za a ɓata sunan iyalin da shi. Lauya Mark Ellison, wanda gwamnati ta ba aikin duba zargin rashawa a binciken farko, ya fitar da rahoto a Maris 2014. Ya gano cewa a daidai lokacin da Macpherson ke zama, rundunar tana da ɗan leƙen asiri a cikin wata ƙungiya da ke kusa da fafutukar iyalin, kuma an haɗa shi da jami'in da ke taya shirya bayanin da rundunar za ta gabatar wa kwamitin. Ya kuma gano an lalata tarin takardun binciken rashawa na cikin gida a 2003, kuma akwai dalilin zargin wani jami'in binciken farko da alaƙa da Clifford Norris, mahaifin David, wanda sananne ne a harkar miyagun ƙwayoyi. Jami'in ya musanta, ba a kuma taɓa gurfanar da shi ba. Macpherson bai ga cikakken hoton nan ba, domin kwamiti yana ganin abin da aka kawo masa ne kawai, kuma mai kawowar shi ne wanda ake bincika. Theresa May, ministar cikin gida a lokacin, ta sanar da wani sabon kwamiti kan aikin 'yan sandan ciki. An kafa shi a 2015, ya haura shekara goma bai kammala ba.

Doreen ta shiga majalisar dattawan Birtaniya a 2013, kuma tun 2018 aka ware 22 ga Afrilu a matsayin ranar tunawa da Stephen. Ƙasar ta iya karramawa. A ɗaya ɓangaren, rundunar ta sanar a 2020 cewa ta jingine binciken kisan. A Maris 2023 Louise Casey, wadda aka sa ta bincika rundunar bayan wani ɗan sandanta ya kashe wata mata mai suna Sarah Everard, ta sake yanke hukuncin da Macpherson ya yanke shekara 24 baya, ta ƙara da ƙyamar mata a kai, shugaban rundunar Mark Rowley ya karɓi abin da ta gano amma ya ƙi yarda a ce ɗabi'ar hukumar ce. A Yunin shekarar BBC ta bayyana sunan mutum na shida da ake zargi, Matthew White, wanda ya mutu a 2021, ta nuna yadda aka yi sakaci da bayanan da aka samu a kansa tun 1993. Wata guda bayan haka hukumar gabatar da ƙara ta ce ba za ta tuhumi tsofaffin jami'ai huɗu da suka jagoranci binciken farko ba. A 2024 Rowley ya nemi afuwar Doreen kan rashin amsa tambayoyin da ya yi alkawarin amsawa game da White, aka amince wasu daga wajen rundunar su sake duba fayil ɗin. Norris kuma, da ya zo neman a sake shi a 2025, ya amsa a karon farko cewa yana wurin kuma ya kai wa Stephen duka, amma ya ƙi faɗin sunayen sauran.